Wa Ya Ɗinka Bargon? Wasiƙa Kan Tarihi da Cinikin Bargon Ɗinki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa ke kwana a ƙarƙashinsa ba tare da sun taɓa tambayar asalinsa ba, wato bargon ɗinki, wanda Turawa ke kira kwilt. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda tallarsa ta cika intanet a 'yan shekarun nan, kowane mai talla yana rantsuwa cewa nasa ɗinkin hannu ne kuma gadon kaka da kakanni, alhali duk wanda ya san allura da zare yana duban hoton zai gane cewa rabin maganar ba ta da tushe. Ni ɗinki ne sana'ata tun ƙuruciya, amma duk da haka an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa a wannan ciniki, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Ya kamata a fara bambanta shi da bargon da aka saba gani, wanda saƙa ce guda ɗaya da ta fito daga masaƙa. Bargon ɗinki hawa uku ne: akwai fuska a sama, akwai ciko na auduga ko ulu a tsakiya, sannan akwai shafi a ƙasa, kuma abin da ya mai da su abu ɗaya shi ne ɗinkin da ke ratsa su duka ukun ya hana cikon taruwa wuri guda. Ɗumin da ake ji yana zuwa ne daga iskar da cikon ke riƙewa, shi ya sa bargo mara nauyi kan iya fin mai nauyi maganin sanyi. Fuskar tana iya zama yadi ɗaya shimfiɗe, irin wanda matan Wales da na arewacin Ingila suka shahara da shi, inda adon gaba ɗaya yake cikin zanen da allura ta bari. Tana kuma iya zama ƙyallaye ɗaruruwa da aka yayyanka aka harhaɗa, ko yadi fari da aka ɗora wa siffofin ganye da furanni aka ɗinke.

Dabarar ta tsufa ƙwarai, kuma ta ɓulla a wurare da yawa da ba su san juna ba, domin duk inda sanyi ya haɗu da tsadar yadi, hankali yakan kai mutum ga ninka abin da yake da shi ya ɗinke. A kaburburan Noin-Ula da ke arewacin Mongoliya an tono wata shimfiɗa mai irin wannan ɗinki da ta kai kimanin shekaru 2,000, tana nan ajiye a gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Mayaƙan Turai na zamanin takobi sukan sa rigar lifidi a ƙarƙashin sulke don ta rage zafin sara, talakan soja kuwa ita kaɗai ce sulkensa. Cikin barguna mafi tsufa da suka rage akwai wanda aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14, na farin lilin da cikon auduga, ɗauke da hotunan labarin jarumi Tristan. An raba shi, wani ɓangare yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, wani kuma yana Bargello a birnin Fulorens na Italiya. Wannan kayan masu hannu da shuni ne tun ranar da aka yi shi.

Na talakawa kuwa ya bi wata hanya dabam. A ƙasar Bengal, wadda yau ta rabu tsakanin Indiya da Bangaladesh, mata sukan tara tsofaffin zannuwan sari da suka yi laushi saboda wanki, su jera su hawa-hawa, su zare zaren launi daga bakin zanen su yi ɗinkin da shi, abin da suke kira kantha. A arewacin Japan, inda sanyi ba ya barin auduga ta yi, manoma sun yi ta yi wa tufafi da mayafai faci a kan faci da ƙyallen da aka rina da shuni, har abu ɗaya ya ratsa iyaye da 'ya'ya da jikoki, kuma wannan aiki mai suna boro da a da ake jin kunyar nunawa, yau dillalan kayan tarihi ke rububinsa. Mutanen Siddi na jihar Karnataka a Indiya, waɗanda kakanninsu daga Afirka aka kai su, suna da nasu mai suna kawandi, kuma wani abin sha'awa gare ni a matsayina na mai ɗinki shi ne daga gefe suke farawa suna zagayawa har su ƙare a tsakiya, saɓanin yadda akasarin masu wannan aiki ke yi.

Akwai wani labari da ya yi kaka-gida game da Amurka, wai matan Turawan da suka fara zama a can talauci ne ya sa su harhaɗa tsummoki su yi bargo. Masana tarihin yadi sun nuna cewa zancen ya sha bamban da haka, domin a farkon zaman nasu yadin ado tsada gare shi, sai mai hali da kuma lokacin zama yake iya mallakar irin wannan bargo. Harhaɗa ƙyallaye ya bazu ne bayan Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a 1793, masaƙu suka yawaita, yadi mai zane ya yi araha a wajajen 1830 zuwa 1850, sannan keken ɗinki ya shigo gidaje bayan na Singer ya fito a 1851. Kada kuma a manta da cewa audugar da ta kawo wannan araha bayi ne baƙar fata suka noma ta a gonakin kudancin ƙasar. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan wasu ne suka yi gudun, wasu suka ci zomon.

A nan ne nake so Edita ya ɗan yi haƙuri da ni in tsaya a kan mace ɗaya, domin labarinta ya tattara duk abin da ke raina. Harriet Powers an haife ta baiwa a jihar Jojiya a 1837, ta rasu a 1910. A 1886 ta kai wani bargo da ta ɗinka bajekolin auduga a garin Athens na jihar, bargo mai gida 11, kowane gida da hoton wata ƙissa daga littafin addininta, tun daga Adamu da Hauwa'u. Wata malamar zane Baturiya mai suna Jennie Smith ta gan shi ta nemi saya, Harriet ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan kimanin shekaru huɗu, da rayuwa ta yi wa iyalinta tsanani, sai ga ta a ƙofar malamar a cikin keken shanu tare da mijinta, bargon na naɗe cikin tsabtataccen buhun fulawa, an kuma saka wannan a cikin wani buhun. Ta sa masa dala 10, malamar ta ce dala 5 kawai gare ta, mijin ya ce ta karɓa saboda halin da ake ciki. Kafin ta miƙa shi sai da ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana bayyana ma'anar kowane hoto, malamar tana rubutawa, kuma daga baya ta riƙa dawowa don ta sake ganinsa. Wannan bargo yana gidan tarihin Smithsonian a Washinton, na biyunta kuma, mai gida 15, wanda a ciki ta zana zubar taurarin da aka gani a daren 13 ga Nuwamba 1833, yana gidan zane-zane na Boston. Da malamar ba ta rubuta ba, da yau an ce wata baiwa ce da ba a san sunanta ba. A farkon shekarun 1990 gidan tarihin Smithsonian ya ba wani kamfani izinin kwaikwayon wasu bargunan da ke hannunsa, har da na Harriet, a ɗinka su a ƙasar Sin a sayar da araha, lamarin da ya sa masu wannan sana'a a Amurka suka yi ca a kansa.

Ɓacewar sunan mai ɗinki ba a kanta aka fara ba, ba kuma a kanta aka ƙare ba. Bargon da fursunoni mata suka ɗinka a 1841 a cikin jirgin ruwan Rajah, lokacin da ake kai su Tasmaniya daga Ingila, yana da ƙyallaye 2,815, kuma rubutun da ke jikinsa godiya ce ga matan kwamitin da suka ba su allura da zare, su kuwa masu aikin an kira su fursunoni kawai. A 1933 kamfanin Sears ya shirya gasa albarkacin babban bajekolin duniya na Shikago, aka shigar da barguna fiye da 24,000, kuma daga baya ta bayyana cewa 'yar kasuwar da ta lashe kyautar farko biyan wasu mata ta yi suka ɗinka mata. A gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania, inda masu yawon buɗe ido ke tururuwa don sayen bargon mutanen Amish, wata al'ummar Kirista mai rayuwar gargajiya, an daɗe ana sayar da aikin da matan Hmong 'yan gudun hijira daga Laos suka yi wa ado ba tare da an ambace su ba. Matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, jikokin bayi da kogi ya kusa kewaye garinsu, har aka tsayar da jirgin fitonsu a 1962 lokacin da suke fafutukar yin rajistar zaɓe, sun yi suna a duniya bayan an baje aikinsu a Houston da Niyok a 2002, an ma buga hotonsa a jikin kan sarkin gidan waya a 2006, amma a 2007 wasunsu sai da suka je kotu kan batun haƙƙinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya sa wannan ke ci mini rai shi ne bargon ɗinki a wurin masu yin sa ya wuce abin rufa. A Gee's Bend ɗin nan, wata mata mai suna Missouri Pettway da mijinta ya rasu ta tattara tufafinsa na aikin gona a 1942 ta yi bargo da su, domin ta riƙa rufa da abin da ya taɓa jikinsa. A shekarar ce kuma matan da sojojin Japan suka tsare a kurkukun Changi na Singafo suka ɗinka barguna, kowacce ta yi wa ɗan ƙyallenta ado ta sa sunanta, aka aika da su asibitin fursunonin yaƙi da sunan kyauta ga majinyata, ta haka maza da yawa suka san cewa matansu na raye. Sarauniya Liliuokalani ta Hawayi, da aka hamɓarar da mulkinta a 1893 aka tsare ta a fadarta a 1895, allura ta ɗauka ta rubuta tarihinta a jikin bargo. A ranar 11 ga Oktoba 1987 aka shimfiɗa bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe a babban filin Washinton, yana da yanki 1,920, kowane yanki ƙafa 3 a faɗi ƙafa 6 a tsawo, wato girman kabari, kuma yanzu yankunan sun kai wajen 50,000. A tsibiran Cook na tekun Pasifik kuwa, bargonsu mai suna tivaevae abu ne da ake bayarwa a aure ko a rufa wa mamaci, kuma a al'adarsu darajarsa tana cikin kyautar da shi. Wanda zai saya ya kamata ya san cewa cikin irin wannan gida yake shiga.

Yanzu ga abin da ya same ni. Shekarun baya na ga hoton wani bargo mai taurari ja da fari a wani shagon intanet, an rubuta cewa ɗinkin hannu ne, kuɗin kuma bai kai na yadin da za a yi shi da shi ba, abin da ya kamata ya farkar da ni tun farko, amma kwaɗayi ya rufe mini ido na yi cinikin biri a sama. Da ya iso na shimfiɗa shi na bi gefen tauraro ɗaya da farce, sai na ji santsi, babu tudun haɗi ko kaɗan, ashe taurarin bugawa aka yi a kan yadi ɗaya kamar yadda ake buga zane. Na juya bayansa na ga layin ɗinki miƙe ba yankewa, kowane taku daidai da ɗan'uwansa. Wanki biyu kawai aka yi masa cikon ya dunƙule a kusurwa, jan kuma ya zuba a kan farin. Araha ba ta ado, kuma laifin rabi nawa ne.

Daga wannan na ɗauki ɗabi'ar fara duba baya kafin fuska, domin a nan ne aiki ba ya iya ɓuya. Ɗinkin hannu zare ɗaya ne da ke nutsewa yana ɓullowa, saboda haka za a ga ɗan tsalle tsakanin taku da taku a fuska da baya, kuma ko hannun ya ƙware takun ba za su zama tamkar an auna su da ma'auni ba. Ɗinkin keke zare biyu ne da ke sarƙe juna, layinsa a haɗe yake babu giɓi. Masu sana'ar suna ɗaukar taku 10 zuwa 12 a inci ɗaya a matsayin gwaninta, ko da yake daidaiton takun ya fi yawansu muhimmanci. Ba ina cewa aikin keke abin ƙi ba ne, sau da yawa ma ya fi jure wanki, kuma wanda ke neman abin da yara za su yi ta birgima a kai shi ya fi dacewa da shi. Abin ƙi shi ne a sayar da na keke da sunan na hannu. A kuma duba tazarar layukan ɗinkin, domin in ta yi faɗi da yawa cikon zai gudu. A ja wurin haɗi a hankali a ga ko yana shirin farkewa, a duba kalmasar baki da kusurwoyi, a goga farin ƙyalle mai danshi a kan launi mai duhu, musamman ja da shuɗi, a ga ko zai zuba. A tambayi irin cikon: auduga tana shan gumi amma tana ɗan tsukewa a wankin farko, ulu ya fi ɗumi kuma ba nauyi, foliyesta kuwa ta fi araha da saurin bushewa amma takan huda yadin ta fito kamar gemu. A auna gado tun a gida, har da abin da ake so ya zubo ta gefe. Wanda zai saya daga nesa ya nemi hoton baya da na kusurwa a kusa, in mai kaya ya yi ta hanya-hanya to ya ba da amsa ke nan.

Tsohon bargo kuwa cinikinsa sai da natsuwa, saboda kuɗin da ke ciki ya jawo masu ƙaryar shekaru. Tun da aka rataye barguna a bango kamar zanen fenti a gidan zane na Whitney a Niyok a 1971 farashinsu ya tashi, har a 1991 aka sayar da wanda Lucinda Ward Honstain ta ɗinka a 1867 a kan dala 264,000 a gwanjon Sotheby's. Bargon da aka ce na ƙarni na 19 ne amma aka iske cikon foliyesta a ciki ya tona asirin kansa, domin irin wannan ciko bai shigo ba sai bayan 1950. Akasin haka, ganin ɗinkin keke ba ya hana bargo tsufa, tun da keken ya haura shekaru 170. Wasu dillalai sukan ɗaga bargo a rana su nuna ɗigo-ɗigon angurya a cikin cikon su ce ya girmi injin gurza, wannan kuwa ba hujja ba ce, domin an ci gaba da gyara auduga da hannu a gidaje shekaru da yawa bayan injin. Haka nan labarin da ya bazu tun 1999, wai bayi masu gudu a Amurka suna karanta hanya a jikin zanen barguna, masana tarihi sun bincika ba su sami shaidarsa a rubuce-rubucen zamanin ko a bakin tsofaffin bayin da aka yi hira da su ba, saboda haka kada a ƙara ko kwabo a kansa. A shinshina ko akwai warin fumfuna, a duba layin ninki ko ya koɗe, in kuma akwai tsohon siliki a ciki a taɓa shi da hankali, don wanda aka yi wa nauyi da gishirin ƙarfe yakan rududduge kuma ba shi da gyara. In an kai shi gida, a wanke shi da ruwan sanyi, a shanya shi a kwance a inuwa saboda nauyin ruwa na tsinka zare in an rataye, a naɗe shi cikin zanen auduga maimakon leda, a riƙa sauya masa ninki lokaci-lokaci.

Tambayar da na fi so mai saye ya yi, wadda kuma ba kasafai ake yin ta ba, ita ce wa ya ɗinka, kuma nawa ya shiga hannunta. Babban bargo na hannu yakan ci watanni, saboda haka in an ga ana sayar da shi a kuɗin aikin kwana biyu, ko dai ba na hannu ba ne, ko kuma akwai wata mata a wani wuri da aka ci guminta. Inda hali ya yi, a saya kai tsaye daga mai ɗinkin ko daga ƙungiyar da masu ɗinkin ke da ita da kansu, kuma a roƙe ta ta ɗinka ɗan ƙyalle a kusurwar baya mai ɗauke da sunanta da shekarar da ta gama. Ni ma tun bayan abin da ya same ni haka nake yi wa duk wanda ya fita daga hannuna.

Roƙona ga jaridarku shi ne, duk ranar da za ku buga hoton irin wannan aiki a shafin ado ko na kasuwanci, wakilinku ya tambayi sunan wadda ta ɗinka ya rubuta a ƙarƙashin hoton tare da na mai shagon.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum.